Kyauta ga Mutum Uku, Sharaɗi a Kan Kowa

Sanarwar gasar ɗaukar hoto takan zo da fuska biyu. Ta farko ita ce wadda ake yaɗawa a Facebook da Instagram da zaurukan WhatsApp: jigon gasar, ranar rufe shiga, sai kuɗin da za a ba na ɗaya da na biyu da na uku, an rubuta shi da manyan lambobi. Ta biyu tana can ƙasa, bayan wani ɗan rubutu da sai an latsa shi yake buɗewa, shafi biyar ko goma na Turancin lauyoyi mai suna sharuɗɗa da ƙa'idoji. Yawancin masu shiga a ta farko suke tsayawa. Sukan latsa akwatin da ke cewa sun karanta sun amince, su tura hotunansu, su koma jiran sakamako. Alhali ta biyun ce yarjejeniyar da aka ƙulla. Kyautar mutum uku za ta samu, sharuɗɗan kuwa sun hau kan duk wanda ya tura hoto, ya ci ko bai ci ba.

Lissafi kaɗan zai nuna nauyin abin. A ƙaddara wani kamfani ya ware naira miliyan 6 don kyaututtuka, mutum 3,000 suka shiga, kowa da hoto 4. Hotuna 12,000 ke nan suka shiga hannun kamfanin. Idan sharuɗɗan sun ba shi ikon amfani da duk abin da aka turo yadda ya ga dama har abada, to ya cika rumbunsa da hotuna a kan naira 500 kowanne, kuɗin da ba ya sayen litar fetur ɗaya a yau. Idan kuma an sa kuɗin shiga naira 2,000, masu shigar ne suka haɗa miliyan 6 ɗin da kansu, suka ɗora hotunansu a kai. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Ba kowace gasa ce haka ba. Akwai masu tsabta da yawa, kuma ta hanyarsu ne sunayen matasa da dama suka fito duniya. Abin da ke raba mai tsabta da marar tsabta yana rubuce a fuska ta biyu, kuma wanda ya san abin da zai duba yana iya gane shi cikin minti goma.

Hoto dukiya ne

Doka ta san mai hoto. Yarjejeniyar Berne, wadda aka fara ƙullawa a Suwizalan a 1886 kuma Najeriya ta shiga a 1993, ta tanadi cewa haƙƙin mallakar aikin fasaha yana tabbata ga mai shi ba sai ya yi rajista ko ya cika wata takarda ba. Dokar haƙƙin mallaka ta Najeriya ta 2022, wadda Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu a watan Maris na 2023, a kan wannan turba take. Wanda ya ɗauki hoto shi ne mai shi tun daga lokacin da ya ɗauka, in dai ba wata yarjejeniyar aiki ce ta ce akasin haka ba, kuma kariyar tana kai wa shekara 50 daga lokacin da aka fara fitar da hoton ga jama'a. Dokar ba ta bambanta hoton wayar hannu da na babbar kyamara ba.

Bahaushe ya san hanyoyin da gona ke barin hannun mai ita: aro, haya, jingina, sayarwa. A uku na farko gonar tana dawowa, a na huɗu ta tafi ke nan. Hoto ma haka yake. Mai shi yana iya ba da izinin a yi amfani da shi, abin da ake kira lasisi, yana kuma iya sayar da haƙƙin gaba ɗaya. Inda hoto ya sha bamban da gona shi ne ana iya ba da hayarsa ga mutum goma a lokaci guda: jarida a Legas, mujalla a Landan, mai buga littafin makaranta, kamfanin da ke son kalanda. Daga nan abincin mai ɗaukar hoto yake fitowa. Hoto ɗaya mai kyau yana iya ciyar da mai shi sau da yawa, muddin yana hannunsa.

Kuma darajar hoto ba kasafai take bayyana ranar da aka ɗauke shi ba. J.D. Okhai Ojeikere ya fara ɗaukar hotunan kitson matan Najeriya a 1968, ya ci gaba har ya tara kusan dubu. A lokacin kitso abu ne da ake gani kullum a titi da kasuwa, ba wanda zai ɗauka dukiya yake tarawa. Shekara 45 bayan haka, a 2013, aka baje wasu daga cikin hotunan a babban bikin fasaha na Venice a Italiya, shekara guda kafin rasuwarsa. Matashin da ke ɗaukar Hawan Daushe a Kano yau, bayan UNESCO ta sa hawan sallar Kano cikin jerin al'adun duniya a watan Disamba na 2024, bai san abin da hotonsa zai zama nan da shekara 30 ba. Kamfanin da ya rubuta "har abada" a sharuɗɗansa shi ma bai sani ba, amma ya yi wa kansa tanadi.

Kalmomin da ke raba mutum da hotonsa

Mafi sauƙin ganewa shi ne sharaɗin da ke cewa duk hoton da aka turo ya zama mallakin masu gasa. Wannan sayarwa ce ba tare da an biya ba. Daga ranar, mai hoton ba shi da ikon sayar da shi, kai ko sa shi a shafinsa sai da izinin waɗanda ya ba. Dokar Najeriya ta ce miƙa haƙƙin mallaka ba ya inganta sai a rubuce, kuma sharuɗɗan nan da akwatin da aka latsa su ne rubutun da masu gasa za su kafa hujja da shi.

Wanda ya fi yawa, ya kuma fi wuyar ganewa, yakan fara da kalami mai daɗi: haƙƙin mallaka yana nan a hannun mai hoto. Sai jimla ta gaba ta biyo da jerin kalmomi. Mai shiga ya ba masu gasa izini na har abada, a duk faɗin duniya, ba tare da biyan ko kwabo ba, wanda ba a iya janyewa, don kowace irin manufa, a kowace kafa da ake da ita yanzu ko wadda za a ƙirƙiro nan gaba, tare da ikon miƙa izinin ga wasu. Kowace kalma a nan ƙofa ce ake rufewa. "Kowace manufa" ta haɗa da talla. "Ikon miƙa wa wasu" yana nufin masu gasa suna iya ba abokan cinikinsu hoton, ko su sayar da shi a kasuwar da mai hoton yake nema, a farashin da ya fi nasa sauƙi. An bar wa mutum takardar gida, an karɓe mabuɗan.

Sai a duba wa sharaɗin ya shafa. Idan hotunan da suka ci ne kaɗai, aƙalla akwai abin da aka bayar a madadinsu. Idan duk waɗanda aka turo ne, to mutum 2,997 na misalin da ya gabata sun ba da aikinsu ba su karɓi komai ba.

Na gaba shi ne sharaɗin yafe haƙƙin suna da na mutuncin aiki, wato haƙƙin a ambaci mai hoto duk inda aka nuna hotonsa, da haƙƙin ya hana a yi masa sauyin da zai zubar masa da daraja. Tarihin Seydou Keita ya isa misali a kan abin da suna ke yi. Ya buɗe shagon ɗaukar hoto a Bamako a 1948. A 1991 aka nuna wasu hotunansa a wani baje koli a New York ba tare da sunansa ba, aka jingina su ga mai hoton da ba a san ko wane ne ba. Sai da wasu da hotunan suka burge suka bi sawu har Bamako kafin duniya ta san shi. Da ba a yi wannan tattaki ba, da hotunan sun shahara sun bar mai su a baya. Dokar Najeriya ta hana a miƙa wannan haƙƙi ga wani muddin mai aikin yana raye, amma dokar Birtaniya ta 1988 ta yarda a yafe shi a rubuce. Shi ya sa layin nan na ƙarshen sharuɗɗa, wanda ke faɗin dokar ƙasar da za a bi in rigima ta taso, yake da nauyi fiye da tsawonsa.

Akwai kuma sharaɗin da ke ɗora wa mai shiga alhakin duk ƙarar da za ta biyo baya. Yakan ce mai hoton ya tabbatar yana da izinin duk wanda ke cikin hoton, kuma shi zai biya diyya da kuɗin lauya idan wani ya kai masu gasa kotu. A haɗa wannan da izinin talla, sai a ga inda aka dosa. Saurayi ya ɗauki hoton yarinya mai tallar fura a gefen filin hawa, ta yi masa murmushi don ya ce gasa zai kai. Bayan shekara biyu fuskarta ta bayyana a allon tallar bashin banki, ko a fastar ɗan takarar da gidansu ba sa yi. Iyayenta ba su san ofishin kamfanin ba, gidan su saurayin suka sani. Shi zai sha kunya a unguwa, kuma bisa takardar da ya amince da ita, shi zai biya idan an je kotu, alhali ba a shawarce shi ba, ba a kuma ba shi ko sisi daga kuɗin tallar ba.

A 'yan shekarun nan wata ƙofa ta ƙaru. Kamfanonin ƙirƙirarriyar basira suna buƙatar miliyoyin hotuna don horar da manhajojinsu, har a farkon 2023 kamfanin Getty Images ya kai ƙarar Stability AI a Landan da Amurka bisa zargin kwasar hotunansa ba izini. Rumbun hotunan gasa da aka tara da izinin "kowace manufa" kaya ne da ke da masu saye a wannan kasuwa.

Shari'u biyu

Shari'u biyu da aka yi a Amurka ba a kan gasa aka yi su ba, amma sun nuna bambancin wanda ya riƙe haƙƙinsa da wanda ya sake shi.

Daniel Morel yana Port-au-Prince lokacin da girgizar ƙasa ta afka wa Haiti ranar 12 ga Janairu 2010. Ya ɗauki hotuna, ya ɗora su a intanet ta hanyar Twitter. Kamfanin dillancin labarai na Faransa, AFP, ya ɗauka ya rarraba, Getty Images ma ya sayar wa abokan cinikinsa. Da rigima ta kai kotu, AFP ya kafa hujja da cewa sharuɗɗan Twitter sun halatta masa yin haka. Kotu ta karanta sharuɗɗan ta ce ba su ba shi wannan izini ba. A watan Nuwamba na 2013, masu taimaka wa alƙali yanke hukunci a New York suka ba Morel diyyar dala miliyan 1.2 a kan hotuna 8. Abin da ya cece shi shi ne babu wata takarda da ya amince da ita da ta ba kamfanonin hotunansa.

Carol Highsmith kuwa ta yi kyautar dubban hotunanta ga Ɗakin Karatu na Majalisar Dokokin Amurka don jama'a su amfana ba biya. Wata rana ta samu takarda daga wani kamfanin karɓar kuɗin lasisi yana neman dala 120 a wurinta saboda ta sa ɗaya daga hotunanta a shafinta. Da ta bincika ta tarar Getty yana karɓar kuɗi a kan hotunanta sama da 18,000. Ta kai ƙara a 2016 tana neman dala biliyan ɗaya. Kotu ta kori manyan da'awowinta, domin hotunan sun riga sun zama na kowa, sauran kuma aka sasanta a waje. Niyyarta kyakkyawa ce, amma abin da ya bar hannu ya bari.

Abin da masu gasa ke buƙata da gaske

Adalci ne a faɗi cewa gasa ba ta yiwuwa ba tare da wani izini ba. Dole masu shiryawa su iya nuna hotunan ga alƙalai, su wanke su su rataya a zauren baje koli, su buga su a kundin gasar, su ba 'yan jarida don labarin sakamako, su yi amfani da su wajen tallar gasar baɗi. Duk wannan aro ne mai iyaka, kuma babu mai hoton da zai ƙi shi. Sau da yawa ma ba mugunta ce ke haifar da munanan sharuɗɗa ba. Lauya ne ya rubuta mafi faɗin abin da zai kare wanda ya ɗauke shi aiki, ko kuma wani ma'aikaci ne ya kwafo sharuɗɗan wata gasa daga intanet ya sauya suna. Sai dai ko da gangan ko da sakaci, abin da aka rubuta shi ke aiki a kotu.

A Birtaniya, ƙungiyar ƙwararrun masu ɗaukar hoto mai suna Pro-Imaging ta assasa wani gangami da aka sani da Artists' Bill of Rights don shata wannan iyaka. Ƙa'idojinsa ba su da yawa: haƙƙin mallaka ya zauna a hannun mai aiki, kada a nemi ya yafe haƙƙin sunansa, a ambace shi duk inda aka nuna aikin, amfanin da za a yi kyauta ya tsaya a kan tallata gasar kanta cikin ƙayyadadden lokaci, duk wani amfani na kasuwanci kuma a zauna a yi cinikinsa daban. Gangamin ya riƙa fitar da jerin sunaye biyu, na gasannin da suka cika ƙa'idojin da na waɗanda suka saɓa. Manyan gasanni sun nuna cewa ana iya tsayawa a wannan iyaka ba a rasa komai ba. World Press Photo, wadda aka kafa a Amsterdam a 1955, ba ta karɓar kuɗin shiga, kuma haƙƙin hotunan yana zama a hannun masu su.

Akwai kuma gasar da take neman izini mai faɗi amma ta faɗa a fili. Wiki Loves Africa, wadda aka fara a 2014 kuma matasan da ke rubuta Wikipedia ta Hausa suke cikin masu shiga, tana buƙatar a saki hoto a ƙarƙashin lasisin da ke ba kowa damar amfani da shi, har don kasuwanci, muddin ya ambaci mai hoton, kuma ya saki abin da ya sarrafa daga hoton a kan irin wannan sharaɗi. Lasisin ba a janye shi. Wannan kyauta ce ga jama'a baki ɗaya, da manufar da aka bayyana tun farko, wato Afirka ta samu hotunan kanta a rumbun ilimin duniya. Wanda ya shiga da saninsa ya yi abin kirki. Abin da ya kamata ya yi kawai shi ne ya ware hoton da zai bayar da wanda zai ajiye don kasuwa.

Kara da haƙƙi

Me ya sa masu hoto suke amincewa ko da sun hango tarkon? Wani ɓangare na amsar ƙarancin kasuwa ne. Inda jaridu ba su cika biyan kuɗin hoto ba, zaurukan baje koli kuma ba su da yawa, gasa takan zama ƙofa ɗaya tilo da matashi yake gani a buɗe. Ɗaya ɓangaren kara ce. An taso da tarbiyyar cewa wanda ya ba mutum dama ba a yi masa ƙididdiga, don haka tambayar me za a yi da hoto takan yi wa mai ita nauyi kamar butulci. Masu gasa su ma suna da amsarsu a shirye: ai za a san ka. To amma sanin yana zuwa ne ta hanyar suna, kuma sharaɗin da ya yafe ambaton suna ya riga ya toshe hanyar. Kamfanin da ya biya mai zauren taro, da mai abinci, da mai buga fasta, ya san ana biyan aiki.

Kariyar farko tana hannun mai hoto. Ya nemo sashen da ke magana kan haƙƙin mallaka da amfani da hotuna, ya yi masa tambayoyi huɗu: wa zai mallaki hoton bayan gasa, me za a yi da shi, har zuwa yaushe, kuma waɗanda ba su ci ba suna ciki? Ya adana kwafin sharuɗɗan na ranar da ya shiga, domin wasu masu gasa suna ba kansu ikon sauya su daga baya. Ya riƙe asalin fayil ɗin hoton, ya tabbata sunansa yana cikin bayanan da ke ƙunshe a fayil ɗin. Idan gasar ba ta da rubutattun sharuɗɗa sam, kamar yadda ake gani a ƙananan gasanni da ake sanarwa da fasta ɗaya, haƙƙin mallaka yana nan a hannunsa, amma doka ta yarda a fahimci izini na gama-gari daga yadda mutum ya yi mu'amala. Saƙo ɗaya da ke cewa an turo hoton ne don gasar kaɗai yana rage gardamar gobe. In an keta haƙƙi, akwai kotu, akwai kuma Hukumar Kula da Haƙƙin Mallaka ta Najeriya.

Sai dai mutum ɗaya da ya ƙi shiga ba ya rage wa gasa komai, hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. A watan Disamba na 2012 Instagram ya sanar da sababbin sharuɗɗa da jama'a suka fahimta a matsayin izinin amfani da hotunansu a talla ba biya. Masu amfani da shi suka yi ca, mujallar National Geographic ta dakatar da ɗora hotuna a shafinta, cikin 'yan kwanaki kamfanin ya janye sashen. Gasa ta fi Instagram rauni nesa ba kusa ba, domin jarinta suna ne. Ƙungiyoyin masu ɗaukar hoto suna iya karanta sharuɗɗa su sanar da 'ya'yansu kafin ranar rufewa. Manyan masu hoto da ake gayyata alƙalanci suna iya cewa sai sun ga sharuɗɗan kafin a sa sunansu a fasta. Malaman koyar da aikin jarida suna iya ware darasi guda don karanta yarjejeniya, kamar yadda ake ware na haske da na saita kyamara.

Ga masu shirya gasa da ke son yin daidai, aikin bai kai shafi goma ba. Sakin layi ɗaya ya isa, a rubuta shi da Turanci da Hausa: hoton na mai shi ne, masu gasa za su yi amfani da waɗanda suka ci da waɗanda aka zaɓa don baje koli wajen nuna gasar da tallata ta na tsawon shekaru kaza, tare da sunan mai hoto kowane lokaci, ba za a ba kowa hoton ba, duk wanda yake son sa don wani abu daban, har da masu ɗaukar nauyin gasar, zai tuntuɓi mai shi su yi ciniki.